Kafin a kori mai masa, a kawo mata ruwa

Ba son motsa jiki ne ya sa na fara zuwa wurin aiki da ƙafa ba, fetur ne. A ƙarshen watan Mayun 2023 aka janye tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, albashina kuwa yana nan inda yake kamar an dasa shi. Sai na jingine babur a zaure, na lulluɓe shi da tsohon bargo, na riƙa fita daga gidanmu a Mabera, cikin birnin Sakkwato, bayan sallar asuba, tun rana ba ta fara duka ba. Shekara 11 ina zaune a unguwar nan, amma a wata uku na tafiyar ƙafa na san ta fiye da duk shekarun da na yi ina ratsa ta a guje. Kuma hancina ne ya yi mini jagora.

Ƙamshin masa ne ya fara tsayar da ni, a bakin wani lungu da ban taɓa leƙawa ba. Wata dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata, zaune a kan 'yar kujera gaban tandar da ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. Tun jiya da la'asar ta jiƙa shinkafa, aka kai niƙa bayan magariba, ƙullun ya kwana yana tashi. Ga ta nan yanzu tana ɗiga mai a kowane gurbi, tana bin sa da ludayin ƙullu, kafin ta kai gurbin ƙarshe na farko ya yi ja a gindi, sai ta sa cokali ta juya shi ba tare da ta duba ba. Idonta yana kan mutane. Ta san wanda ya riga wani zuwa, ta san yaron da aka aiko da kwano daga gidan mai jego, ta san ɗan kabu-kabun da bai biya na jiya ba. Na tsaya ina kallo kamar baƙon da ya sauka daga mota. Ta ɗago kai ta ce, "Ɗana, mi kaka so? Kallo ko masa? In kallo na, matsa ka ba mutane wuri." Na saya, ta barbaɗa mini garin ƙarago da tonka, na ci a tsaye. Gefenta ƙamas-ƙamas, cikinta laushi kamar auduga, ga ɗan tsamin nan da ke nuna ƙullu ya kwana. Na tuna burodin da nake turawa da ruwan shayi kowace safiya, na ji haushin kaina.

Daga ranar na lura cewa unguwa tana da agogonta, kuma tukunya ce ke buga shi. Da asuba koko da ƙosai da masa. Hantsi ya yi, 'yan mata su fito da ɗanwake da garau-garau da awara, wadda mu nan muka fi sani da ƙwai-da-ƙwai. Rana ta take, babu mai marmarin abu mai zafi, sai fura, ko hura yadda bakinmu ya saba, matan Fulani a gindin dogon yaro da ƙwarya da dawo. La'asar ta masu ɗatu ce da dafaffen rogo da kudaku. Magariba ta wuce, rundawa su hura wuta, hayaƙin tsire da balangu ya gauraye titi, mai shayi ya jera gwangwanayen madara kamar zai gina bene, a zauna ana Indomie da ƙwai ana gardamar ƙwallo da siyasa har dare ya raba. Ko sunayen unguwanninmu ka bi, ci da sha za ka tarar a ciki: Rijiyar Ɗorowa, Unguwar Rogo, Runjin Sambo.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne hoce. Rabona da shi tun ina yaro, lokacin da kakata ke ƙulle mana shi a tsumma in za mu koma makarantar kwana. Na ɗauka ya koma abincin ƙauye da na 'yan tasha. Ashe gida na huɗu daga namu wata baiwar Allah ke gasa shi kullum. Babu allo, babu rumfa, babu wata alamar ana ciniki, sai dai ka ga yara suna shiga da kuɗi a dunƙule suna fitowa da kwano a rufe. Daga baya matata ta gaya mini cewa daga yankin Sabon Birni suka taso, lokacin da 'yan bindiga suka hana noma suka hana kwana gida. Ba ta shigo birni da komai ba sai 'ya'yanta da abin da hannunta ya iya. A marmashe hocen nan na dawa, a zuba dafaffiyar zogala, garin ƙarago, albasa, tumatir, tarugu, a ɗiga man gujiya, a cuɗa. Kwano guda zai riƙe ka daga azahar har isha'i. Kuma hoce yana yin kwanaki bai lalace ba, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki sai ta ga dama. Da na yi tunani sai na ga yawancin abincinmu na asali haka yake: kilishi, ƙarago, kalwa, busasshen guro, garin kuka. Mutanen da suka san ranar garinsu ne suka ƙirƙiro su, tun ba a san firji ba.

To, ga abin da nake son faɗa. Waɗannan mutane, daga Inna mai masa har barunjen bakin titi, su ne madafar birnin nan, mu kuwa mun daɗe muna ɗaukar su kamar sharar da ake jira a kwashe. Duba masu ci a wurinsu. Lebura ne da ya fito daga Dange ko Kware ko Boɗinga neman aikin gini, yana kwana a kangon da yake ginawa. Ɗan kabu-kabu ne da mai Keke Napep da ba sa ganin gida sai dare. Ɗalibi ne mai haya a ɗaki guda, da mai jinya a asibiti, da almajirin da ya samu 'yan canji, da ƙaramin ma'aikaci irina. Babu ɗayansu da zai iya hura wuta sau uku a rana. Kai, ko magidanci mai iyali, in ya lissafa icce ko gawayi ko gas, da mai, da niƙa, da ruwa, sau da yawa sai ya ga aika yaro gidan mai tuwo ya fi masa sauƙi a kan a ɗora tukunya don mutum uku. Murhu ɗaya yana ciyar da layi guda. A jihar da itatuwa ke ƙarewa hamada na matsowa, wannan ba ƙaramin tanadi ba ne, ko da yake ban taɓa jin an ambace shi a taron dashen itace ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. A farkon 2023, da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, mutane suna wuni a layin banki, manyan kantuna ba su ba kowa bashi ba. In babu kuɗi a hannunka, ko turawa ta waya ta maƙale, sai ka ajiye kaya ka fita. Ni lokacin ban san Inna ba, amma maƙwabta sun shaida mini ba ta kashe wuta ko kwana ɗaya ba. Ba ta da asusun banki, ba ta rubutu, a ka ta riƙe bashin kowa. Mai shinkafa ya ɗaga mata ƙafa, ita ta ɗaga wa unguwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mutane da yawa sun iya fita nema a makonnin nan ne saboda wata tsohuwa ta yarda da su.

Wata safiya da hunturu na iso bakin lungun na tarar babu hayaƙi. Duwatsun murhu a warwatse, toka a baje, ɓallin tanda a cikin kwata. Mai shayin da ke tsallaken titi ya ce jiya da hantsi mota ta zo da wasu mutane, wai ana gyaran gari. Sun kwashe tebura da benci da kwanoni na duk wanda ya matso bakin hanya. Inna ta yunƙura za ta janye tandarta, wani yaro da bai fi jikanta ba ya sa ƙafa ya ture. Wannan ba sabon abu ba ne, ba kuma a Sakkwato kaɗai ake yi ba. Duk lokacin da babban baƙo zai zo, ko aka samu sabon shugaba mai son a ga aikinsa, masu abinci ne farkon waɗanda ake tunawa da su. Bayan mako biyu kowa ya dawo wurinsa da bashin sabon teburi a wuya. Kwatar da aka ce suna zaune kusa da ita tana nan a buɗe yadda take. An bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce masu korar ba su da hujja ko kaɗan ba. Duk wanda ya ce abincin titinmu tsaf yake, ko bai ci ba ko bai duba ba. Na ga robar wanke kwano da ruwanta ya koma kamar kunu, ana ta tsomawa ana fitarwa tun safe. Na ga man suya da ya yi baƙi kamar na inji. Na ga tire a buɗe ƙudaje na sauka suna tashi. Ni kaina wani zoɓo mai ƙanƙara da na sha ruwa da shi a azumin 2024, ana tsakiyar zafi, ya kwantar da ni kwana huɗu, sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Ba mu kuma manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya ratsa jihohin Arewa, Sakkwato na cikin waɗanda suka ji jiki. An rasa rayuka, yara da manya.

Amma ina kwance ina kallon ruwan yana ɗiga a jijiyata, na yi ta tunanin me ya kama ni. Ba masa ba ce. Abin da ya fito daga wuta ya faɗa hannunka da zafinsa da wuya ya cuce ka, domin zafi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ƙosan da aka tsamo yanzu, tsiren da aka ɗauko kan garwashi, tuwon da aka kwashe yana tururi, duk sun fi aminci a kan shinkafar da ta kwana a firjin da wuta ta ɗauke masa tun tsakar dare. Haɗarin yana wurin abin da ruwa ya taɓa bayan an sauke daga wuta, ko wanda bai ga wuta ba sam: ruwan da aka dama fura da shi, ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka daskarar ba, latas da kabeji da aka ɗauraye sama-sama, kwano da cokali, hannun mai zubawa da hannun mai ci. Ta nan kwalara da taifot suke bi. Ciwon abincin titi a garin nan ciwon ruwa ne, kuma ko tanda dubu ka fasa ba ka taɓa shi ba.

Da Inna ta dawo da sabuwar tanda, na tsuguna kusa da ita wata ranar Asabar da babu sauri. Na ce, "Inna, me ya fi cin kuɗinki a sana'ar nan? Shinkafa?" Ta yi dariya har ta saki ludayi. "Kai ɗan boko na, ba ka san komi ba. Shinkahwa in ta yi tsada sai in rage ma masa girma, kowa ya sani. Ruwa da icce ka cinye ni. Jarka guda nika saye in yi ta lallaɓawa har hantsi. In na zubar na sake wani, mi za ni kai gida?"

Jarkar nan daga kurar ɗan garuwa take zuwa, kuma kuɗinta yana hawa duk lokacin da fetur ya hau ko wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, tunda da inji ake jawo ruwan burtsatse. Matar da ribarta ta yini ba ta wuce tuwon dare ba, in ka ce ta riƙa sauya ruwan wanke-wanke kowane rabin awa, ka ce mata ta yi aikin banza ke nan. Ba ƙazama ba ce. Tun kafin ta hura wuta take share wurinta ta yayyafa masa ruwa kaɗan don ƙura. Tsaftar da muke nema daga gare ta kuɗi ake sa wa, ita kuwa ba ta da su.

Abin takaicin, ba a garin da babu ruwa muke ba. Muhammadu Bello ya kafa birnin nan a 1809 a kan tudu, kusa da inda gulbin Sakkwato da gulbin Rima suke haɗuwa. Madatsar ruwa ta Goronyo tana sama da mu a kan Rima, an gina ta don noman rani da ruwan sha. Fadamun Kwalkwalawa da Wurno da Kware suna fitar da shinkafa da albasa da tafarnuwa da tumatir, albasarmu tana cika manyan motoci zuwa Kudu. A 2010 ruwa ya yi yawa har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Duk da haka, a lungunan da na sani famfo ya koma ƙarfen ɗaure akuya. Mu a Mabera mun san abin ta fuska biyu: da damina ruwa ya kwanta a hanya har ya leƙa ɗaki, da rani a saye shi a jarka. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da alkawarin ruwa a bakinta, don haka ba guda ɗaya nake ɗora wa ba.

Kada kuma a ce mutanen nan ba sa biyan komai. Da wuya mako ya wuce ba a ga mai zuwa da 'yar takarda a hannu ba, yau kuɗin wuri, gobe na shara, jibi wanda ba a ma faɗi sunansa ba. Wani sa'in babu takardar, sai a zare tsire biyu a wuce. Ban ƙi haraji ba, in dai mai biya zai ga abin da aka yi masa da shi. Amma wanda aka karɓi kuɗin wurinsa ranar Litinin aka fasa masa teburi ranar Laraba, me za mu kira abin da aka karɓa? A garin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo muke. A cikin Kitabul Farƙi, inda ya jero halayen mulkin da ya ce sun saɓa wa Musulunci, ya ambaci abin da mai kula da kasuwa ke karɓa wurin masu saye da sayarwa, da naman da yake ɗiba wurin mahauta ranar kasuwa. Muna kai baƙinmu Hubbare ziyara, mu fito mu ci gaba da abin da mai kabarin ya yi wa'azi a kansa fiye da shekara 200 da suka wuce.

Su ma masu sayarwar ba waliyyai ba ne. Tun da rashin tsaro ya tarwatsa rugage aka kore shanu, nono na gaskiya ya yi wuya, sai madarar gari da ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Sayar da wannan ba laifi ba ne, laifin a rantse maka cewa kindirmo ne. Akwai mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, akwai yajin da rabinsa dusa ce, akwai naman jiya da aka shafa wa mai aka mayar kan wuta. Duk mun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar da mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Sai dai wa ya fi iya kama mai algus? Ba motar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba ce. Sarkin fawa ne, da shugabannin sana'a, da mai unguwa, da masu sayen kansu. Inna ba za ta iya cutar layinta ba, don gobe za su haɗu a gidan suna ko wurin gaisuwar rasuwa. Ranar da aka ɗauke ta aka kai ta inda babu wanda ya san ta, wannan kunyar an yanke ta.

Akwai wurin da hujjata take ɗingishi, ba zan ɓoye ba. Talla. Yawancin abincin nan a cikin gida ake dafa shi, matan aure ne da ba sa fita, kuma ƙafar da ke kai shi titi ta yarinya ce 'yar shekara 9 ko 12, a daidai lokacin da tawa 'yar take zaune a aji. Na sha sayen ɗanwake a hannun irin waɗannan yara, in ci in ji daɗi, sai can da dare abin ya tsaya mini a rai. Kowa ya san abin da ke samun wasunsu a tasha da gareji da kangon gini, ko da ba a son faɗa. Duk mai yabon abincin unguwa da ya kau da kai daga wannan, cikinsa yake yi wa kirari. An sha yin dokar hana talla a jihohi daban-daban, ba ta kan yi nisa ba, domin uwar da ta ɗora tiren ba don ƙeta ta ɗora ba. Da shi ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki, a gidaje da yawa ma shi kaɗai ne kuɗin da ke shigowa kullum.

Maƙwabciyarmu mai hoce ce ta nuna mini wata hanya, ba da saninta ba. Ba ta ɗora wa 'yarta tire, saboda masu saye ne ke zuwa mata. Gidan yana kan hanya, an kuma san hannunta. Yarinyar tana boko da safe, islamiyya da yamma, in ta dawo ta taya miƙa kwano a zaure, a gaban idon uwarta. Wasu matan yanzu ta waya suke ciniki, a yi magana a WhatsApp a turo ɗan kabu-kabu ya ɗauka. Duk inda mace ta samu tabbataccen wuri, zaure ne ko rumfa kusa da gida, buƙatar yawo da tire tana raguwa. Korar masu zama wuri ɗaya kuwa talla take ƙarawa. Teburi ba ya gudu, shi ya sa ake kwashe shi. Yarinya mai tire tana hango mota ta shige lungu. Uwar da aka fasa wa teburi sau biyu, me kake tsammani za ta yi karo na uku?

Mu 'yan boko ma da namu. Mutum zai shiga shago mai gilashi ya biya kuɗin shawarma ba ko tari, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, gobe ya tsaya yana yi wa tsohuwa ƙorafin ba ta yi masa gyara ba. Wani abokin aikina ya gan ni tsaye ina cin masa, ya sauke gilashin mota ya ce, "Malam, lafiya? Abin har ya kai haka?" Shi ɗin dai na gan shi a bikin wani babban mutum yana layin masa da fura, an jera su a ƙoren da aka yi wa zane an ce abincin gargajiya ne.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin ƙawata shataletale guda ba. A kowace unguwa an san inda masu abinci ke taruwa, kuma ba su suka zaɓi wurin ba, ƙafar mutane ce ta zaɓa: bakin makaranta, tasha, ƙofar asibiti, mahaɗar hanya. Can za a je. A ja su baya daga kwalta taku kaɗan, a daɓe ƙasa da siminti, ga shi nan ana yin sa a Kalambaina, a kafa rumfar kwano, a rufe kwata, a haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, tunda rana dai ba mu roƙi kowa ba. Kuɗin da ake karɓa a warwatse ya koma guda ɗaya da rasit, a riƙa gyaran famfo da kwashe shara da shi, su masu sana'ar su san inda ya shiga. Duba-gari ya dawo da aikinsa na asali, ya zo ya nuna a rufe abinci, a ajiye sabulu, a daina zuba koko mai zafi a leda. In an yi wannan, wanda ya ƙi tsafta a hukunta shi, ni zan fara ba da shaida. Kada dai a gina rumfuna a bayan gari a ce kowa ya koma can. Mai yunwar da ke da minti goma ba zai hau keke ya je cin ƙosai ba, rumfunan za su zama makwancin awaki, masu abincin su dawo inda suka baro.

Ba kuma sai hukuma ba. Attajiranmu da ke rige-rigen gina masallaci na uku a layi guda sun sha ji a wa'azi cewa shayar da ruwa yana cikin mafificiyar sadaka. Famfo ɗaya a bakin lungun masu abinci, mutum nawa zai sha, kwano nawa za a wanke a yini?

Makon jiya na bi ta wurin Inna. Ta ja baya can cikin lungu inda mota ba ta shiga, dab da wata kwata da ta fi ta bakin titi wari. Layin yana nan, har da ɗan kabu-kabun nan, ban sani ba ko ya biya. Jarka guda ce a gefenta, ta toshe bakin da leda. Ɗan garuwa ya zo wucewa da kurarsa, na tsayar da shi na ce ya sauke mata biyu, ni zan biya. Ta dubi jarkunan, ta dube ni.

"Allah shi yi ma albarka, ɗana," in ji ta. "Gobe hwa?"

Ta juya masar da ke gurbin farko, ta miƙa hannu ta karɓi kwanon yaron da ke gabana.